Barcin Iri da Farkawarsa: Kimiyyar Shuka Furannin Ado

Gabatarwa

Da zarar damina ta kankama, makarantu da gidaje da yawa kan sayi ƙunshin irin furanni domin su ƙawata harabarsu. Akan gyara fangali, a watsa irin, a yi ta ban-ruwa safe da yamma, amma bayan mako uku sai a ga babu abin da ya fito sai ciyawa. Daga nan sai a yanke hukunci cewa irin ne ba shi da kyau. Wani lokaci hakan gaskiya ne, amma sau da yawa irin lafiyarsa ƙalau. Wani an binne shi da zurfin da ba zai iya ɓullowa ba, wani an cika masa ruwa har ya ruɓe, wani kuwa ɓawonsa ne ya hana ruwa shiga, yana nan kwance a ƙasa kamar tsakuwa.

Ƙwayar iri halitta ce mai rai wadda take barci, kuma kowane iri yana da abin da ke tayar da shi. Wanda ya san wannan zai iya cika harabar makaranta da furanni da kuɗi kaɗan, ya kuma tara irin baɗi da hannunsa. Ga ɗalibin kimiyya kuwa, fangalin furanni ɗakin gwaji ne wanda ba ya bukatar lantarki ko kayan aiki masu tsada. Wannan maƙala za ta bi iri tun yana busasshe har ya zama fure, tare da bayanin dalilin kowane mataki.

Abin da ke cikin ƙwayar iri

In aka jiƙa wake ya kwana a ruwa, sannan aka ɓare shi, za a ga sassa uku. Na farko shi ne ɓawo, wanda ke kare abin da ke ciki. Na biyu shi ne ɗan tayin tsiro, mai 'yar saiwa da ɗan toho a naɗe. Na uku kuwa shi ne guzuri, wato abincin da uwar shuka ta tanadar masa, wanda ya ƙunshi sitaci da mai da furotin. Irin mafi yawan furanni haka yake, komai ƙanƙantarsa.

Busasshen iri yana numfashi, sai dai a hankali ƙwarai, domin ruwan da ke jikinsa bai wuce kimanin kashi 10 cikin 100 ba. Wannan ne ya sa wasu kan daɗe da rai fiye da yadda ake zato. A shekarar 1879 wani malamin kimiyyar tsirrai mai suna William Beal ya binne kwalabe 20 a harabar kwalejin aikin gona ta jihar Mishigan a Amurka, kowace kwalba cike da yashi da irin ciyayi fiye da 20. Tun daga lokacin ake tono su ɗaya bayan ɗaya ana gwadawa, kuma a kwalbar da aka tono a 2021 an sami irin da ya tsiro bayan fiye da shekara 140 a cikin ƙasa. Haka kuma a 1995 masana sun ba da rahoton tsirowar irin wani furen ruwa mai kama da bado, wanda aka tono daga busasshen tafki a arewa maso gabashin ƙasar Sin, aka kuma ƙiyasta shekarunsa sun kai 1,300. Amma waɗannan ba su ne ma'auni ba. Irin furannin lambu na yau da kullum 'yan shekaru kaɗan yake yi, in kuwa ya haɗu da zafi da laima yana iya mutuwa cikin damina guda.

Girman guzuri shi ke nuna zurfin da ya dace da iri. Giram ɗaya na irin petuniya yana ɗauke da ƙwaya wajen 10,000, alhali giram ɗaya na irin sanfulawa bai wuce 'yan gomomi ba. Ɗan tsiro ba ya iya haɗa abincinsa sai ganyensa ya ga rana. Saboda haka in aka binne ƙaramin iri da zurfi, guzurinsa zai ƙare a hanya, ya mutu a cikin duhu ba tare da kowa ya gani ba. Ƙa'idar da masu lambu ke bi ita ce, kada zurfin shuka ya wuce kaurin ƙwayar sau biyu zuwa uku.

Sharuɗɗan tsirowa

Abu na farko da iri ke bukata shi ne ruwa. Idan ƙwaya ta sha ruwa sai ta kumbura, sinadaran da ake kira enzayim su fara aiki, su narkar da sitaci ya koma sukari, wanda ɗan tayi zai iya amfani da shi. Saiwa ce ke fara fitowa, sannan toho. Akwai abin lura a nan: da zarar saiwa ta leƙo, babu komawa baya. Busasshen iri yana iya jira, kamar yadda shukar binne ke jiran ruwan farko, amma wanda ya soma tsirowa in ya bushe ya mutu ke nan. Don haka yinin da aka manta da ban-ruwa a makon farko ya fi kowane yini haɗari.

Abu na biyu shi ne iska. Irin da ya farka yana bukatar iskar oksijin mai yawa domin ya ƙona sukarin ya sami ƙarfi. Iskar tana cikin ƙananan kafofin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa, in ruwa ya cika su kuwa sai irin ya shaƙe. Abin da ake so shi ne ƙasa mai danshi kamar tsumman da aka matse.

Abu na uku shi ne ɗumi. Yawancin furannin ƙasashe masu zafi sun fi tsirowa tsakanin digiri 20 da 30 a ma'aunin santigiret. A tsakiyar bazara zafin saman ƙasar da babu inuwa yakan haura digiri 50, wanda ya isa ya kashe ɗan tsiro. A tsakiyar hunturu kuma sanyin dare yakan jinkirta fitowa.

Wasu ƙananan iri suna da sharaɗi na huɗu, wato haske. A 1952 wasu masana a Amurka da ke gwaji da irin latas sun gano cewa jan haske yana tayar da shi, wani nau'in haske kuma da ke can bakin iyakar abin da ido ke gani yana mayar da shi barci. Daga baya aka gano sinadarin da ke jin hasken, aka sa masa suna fitokurom. Da shi ne ƙaramar ƙwaya ke gane cewa tana kusa da saman ƙasa. Petuniya da fotulaka suna cikin wannan rukuni, don haka ba a rufe irinsu, sai dai a barbaɗa a danna da tafin hannu.

Irin da ke ƙin tashi

Akwai irin da za a cika masa duk waɗannan sharuɗɗa amma ya ƙi tsirowa. Wannan shi ne barci mai nauyi, kuma dabara ce ta tsira. Da a ce duk 'ya'yan shuka za su fito da yayyafin farko, fari na mako biyu zai ƙarar da zuriyar gaba ɗaya.

Nau'in da aka fi gani a ƙasar Hausa shi ne na taurin ɓawo. Irin bagaruwa da gawo da kuka suna da ɓawon da ruwa ba ya ratsawa. A daji, zafin rana da gogar yashi da cikin dabbobi su ke sassauta shi, shi ya sa akan ga 'ya'yan gawo suna fitowa inda awaki da shanu suka yi kashi. Furanni masu yaɗo da yawa da itatuwan ado irin su filamboyan, mai jajayen furanni da dogayen kwasfa kamar takobi, haka irinsu yake. Hanya biyu ake bi da su. Ta farko ita ce a goga gefen ƙwayar a kan samfefa ko dutse har launin ciki ya ɗan bayyana, nesa da cibiyarta don kada a raunata ɗan tayi, sannan a jiƙa ta ta kwana. Ta biyu, wadda ta dace da masu tauri sosai irin su filamboyan da bagaruwa, ita ce a tafasa ruwa, a sauke daga wuta, a zuba irin a ciki, a bar shi ya huce har wayewar gari. Ƙwayar da ta kumbura ta shirya, sai a shuka ta nan take. Wadda ba ta kumbura ba a sake mata aiki. Iri mai laushin ɓawo ba a kusantar da shi ga ruwan zafi, domin dahuwa zai yi.

Nau'i na biyu shi ne na jiran sanyi. Furanni da yawa na ƙasashen Turai ba sa tsirowa sai irinsu ya yi makonni a cikin danshi da sanyi mai tsanani, alamar cewa lokacin ƙanƙara ya wuce. A cikin ƙwayar akwai sinadarai biyu da ke ja-in-ja: asid ɗin absisik mai riƙe ta a barci, da jibaralin mai tayar da ita. Sanyin ne ke rinjayar da na biyun. Ana iya kwaikwayon wannan da firiji, amma ko irin ya fito, da wuya shukar ta jure zafin Sakkwato ko Maraɗi. Irin waɗannan furanni sun fi dacewa da wurare masu tudu kamar Jos, wadda ke sama da mita 1,200 daga doron teku. Saboda haka kyawun hoton da ke jikin ƙunshi ba hujja ba ce ta saye.

Nau'i na uku manoma sun fi kowa saninsa. Ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, yana da fure mai ban sha'awa, amma irinsa kan kwanta a gona fiye da shekara goma, ba zai tsiro ba sai ya ji wani sinadari da saiwar dawa ko gero ke fitarwa. An fara ware irin wannan sinadari a 1966, aka kira shi sitirigol. Wannan ya nuna yadda ƙwayar da ba ta fi ƙura girma ba take auna abin da ke kewaye da ita kafin ta farka.

Furannin da suka dace da mai farawa

Abin sha'awa shi ne, da yawa daga furannin da suka karɓi ƙasar Hausa asalinsu daga Meziko ne, inda ake da damina da rani kamar na nan. Ziniya, wadda aka raɗa wa sunan wani masani Bajamushe mai suna Johann Zinn, tana fitowa cikin kwana huɗu zuwa bakwai, ta yi fure cikin kimanin wata biyu. Marigol mai ruwan ɗorawa da ƙamshi mai ƙarfi ita ma daga can take, ko da yake a Turai ana jingina wani nau'inta ga Afirka. Saiwarta tana fitar da sinadarin da ke rage wasu ƙananan tsutsotsin ƙasa masu sa saiwar tumatir da kuɓewa ƙulli. Kosmos, mai siraran ganye, ta fi yin fure a ƙasar da ba ta cika taki ba.

Bayan waɗannan akwai zankon zakara, ɗan'uwan alayyafo, wanda irinsa baƙi ne mai sheƙi kamar na alayyafon. Akwai fotulaka mai shimfiɗa a ƙasa, wadda ke buɗe furenta da hantsi, tana kuma jure ƙishirwa. Akwai kuma binka, mai farin fure ko ruwan hoda, wadda asalinta Madagaska ne. Daga ganyenta ne masana suka samo magunguna biyu na ciwon daji a ƙarshen shekarun 1950 da farkon 1960, waɗanda suka taimaka ƙwarai wajen maganin sankarar jini ta yara. Irin binka ya fi son duhu, don haka akan rufe shi da ƙasa kaɗan.

Ita ma ƙasar Hausa tana da nata. Kariya, mai kumburarren gindi, wadda ke fitar da fure ruwan hoda da rani alhali babu ganye a jikinta, a yau ana sayar da ita a kasuwannin furanni na duniya. Irinta yana cikin kwasfa biyu masu kama da ƙaho, kowace ƙwaya da gashi a kai da gindi domin iska ta ɗauke ta. Ba ya daɗewa da rai, sai a shuka shi yana sabo.

Haɗa ƙasa da renon tsiro

Manyan iri kamar sanfulawa da ziniya ana iya shuka su kai tsaye a fangali. Ƙanana kuwa gara a rene su a kasko ko gwangwani ko leda, waɗanda aka huda ƙasansu domin rarar ruwa ta fita. Haɗin da ya dace shi ne awo biyu na ƙasar gona, awo ɗaya na yashin rafi, da awo ɗaya na takin dabbobi wanda ya ruɓe sosai har ya daina wari, a tankaɗe da rariya. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma jawo gara. Iri mai ƙanƙanta sosai akan gauraya shi da busasshen yashi kafin a barbaɗa, don kada ya taru wuri guda. Wajen ban-ruwa a yi amfani da gwangwani mai ƙananan huji, ko a tsoma gindin kaskon a ruwa ya sha daga ƙasa.

Babban abokin gaba a wannan mataki shi ne ciwon ruɓewar wuya. Za a ga 'yan tsiro sun fito lafiya, kashegari sai a tarar sun zube, wuyansu ya tsuke daidai bakin ƙasa. Wasu ƙwayoyin cuta dangin fumfuna da ke zaune a ƙasa su ke haddasa shi, kuma suna bunƙasa inda ake da cunkoso da yawan ruwa da ƙarancin iska. Wanda ya kamu ba ya warkewa, saboda haka rigakafi shi ne magani: a kwarara tafasasshen ruwa a kan ƙasar reno kwana ɗaya kafin shuka, a yi ban-ruwa da safe, a kuma yi cira da wuri kamar yadda ake yi wa gero.

'Yan tsiro suna son hasken safe da inuwar rana tsaka, don haka 'yar rumfar kara ko zana ta wadatar. In inuwa ta yi yawa sai su yi tsawo da rauni suna neman haske. Idan tsiro ya yi ganye huɗu na ainihi, ban da biyun farko da suka fito daga cikin iri, ya isa dashe. Kafin nan a yi mako guda ana rage masa inuwa sannu a hankali. A yi dashen da yamma, a ɗauko shi da ƙasar da ke jikin saiwarsa, a riƙe shi ta ganye maimakon kara, a bar tazarar santimita 25 zuwa 30 tsakanin ziniya ko marigol. Idan ya kai tsawon taƙi guda a tsinke kansa. Tohon sama yana aika wani sinadari mai suna oksin wanda ke danne tohon gefe, in aka cire shi sai rassa su yawaita, furanni ma haka. A yi hattara da takin zamani mai yawan naitirojin, domin yakan sa ganye ya yi yabanya fure ya yi ƙaranci.

Furanni masu yaɗo

Masu yaɗo ba sa ɓata ƙarfinsu wajen gina kara mai kauri, sai su jingina da wani abu su hau. Wasu, kamar soso da duma da garahuni, suna da 'yan zare masu kamawa su naɗe. Wasu kuma karan ne gaba ɗaya yake zagaya abin da ya samu. Charles Darwin ya yi nazarin wannan a 1865, ya nuna cewa kan yaɗo yana kewayawa a iska a hankali har ya taɓa abin kamawa.

Mafi saukin shukawa shi ne furen asuba, mai kama da bakin kakaki, wanda ke buɗewa da sassafe ya yanƙwane kafin azahar. Dangi ɗaya ne da dankali da duman rafi, duk masana na kiransu Ipomoea. In aka goge irinsa aka jiƙa, yakan fito cikin mako guda. Sai kuma waken ado mai shuɗin fure, a kimiyyance Clitoria ternatea. Kamar sauran dangin wake, saiwarsa tana ƙara wa ƙasa naitirojin, dabbobi kuma suna cin ganyensa. Duka biyun ba sa son a taɓa saiwarsu, don haka a shuka su inda za su zauna, ƙwaya biyu ko uku a rami, a kafa musu igiya ko kara ko siririyar waya tun ranar shuka. Ginshiƙi mai kauri ko bango mai santsi ba sa kamuwa gare su. In aka ja igiyoyin a gaban tagar aji ta ɓangaren yamma, cikin wata biyu za a sami labulen ganye mai tare zafin la'asar. Ita kuwa bogenbiliya, wadda ake gani a katangun birane, da reshe ake dasa ta, domin ba kasafai take yin iri ba.

Tsawon dare da lokacin shuka

A 1920 masana biyu a Amurka, Garner da Allard, sun gano cewa tsirrai da yawa suna lura da tsawon yini kafin su yi fure, daga baya kuma aka tabbatar cewa tsawon dare ne suke aunawa. Manomin Hausa ya daɗe da ganin haka a gonarsa, domin dawar gargajiya da maiwa ba sa fitar da kai sai ƙarshen damina, ko da an shuka su da wuri. A Kano yini mafi tsawo bai kai awa 13 ba, mafi gajarta kuma ya ɗan haura awa 11, amma wannan ɗan bambanci ya ishi shuka ta gane. Kosmos da furen asuba suna cikin masu jiran dogon dare. In aka shuka su a Yuni za su yi girma tukuna kafin fure, in kuwa a Nuwamba ne za su yi fure tun suna gajeru. Fitilar da ke kwana a kunne kusa da su tana iya jinkirta furensu.

Saboda haka lokutan shuka biyu ne. Na farko shi ne farkon damina, Yuni zuwa Yuli, bayan ruwa ya zauna. Na biyu shi ne Oktoba zuwa Nuwamba ga wanda ke da rijiya ko famfo, kuma shi ya fi dacewa da petuniya, wadda ba ta son dukan ruwan Agusta. Shukar Maris da Afrilu wahala ce, sai in akwai inuwa da ruwa a wadace.

Tara iri da adana shi

Hausawa kan ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. A wurin shuka, amfanin fure shi ne iri. Launi da ƙamshi kira ne ga ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi, waɗanda ke ɗaukar garin fure daga wannan zuwa wancan. Da zarar iri ya ƙulla sai shuka ta rage fure. Don haka mai son fure ya daɗe sai ya riƙa tsinke waɗanda suka yanƙwane, amma ya bar wasu a jikin shukar da ta fi lafiya har su bushe. A tsinke su da rana, a shanya a inuwa na mako guda, a sussuke, a sheƙe.

Wani masanin iri Ba'amurke mai suna James Harrington ya fitar da ƙa'ida cewa, a cikin iyakokin da aka saba, duk raguwar kashi ɗaya cikin 100 na danshin iri tana ninka tsawon ransa, haka ma duk raguwar digiri biyar na zafin ma'ajiya. Iskar hunturu kyauta ce wajen busarwa, laimar damina ita ce matsala. Sai a zuba irin a ambulan, a rubuta suna da kwanan wata, a sa a kwalba mai murfi tare da busasshen gawayi ko toka, a ajiye a ɗaki mai sanyi.

In an ga alamar F1 a jikin ƙunshi, irin haɗin-aure ne na iyaye biyu mabambanta. Zai yi fure iri ɗaya mai kyau, amma 'ya'yansa za su rarrabu. Gregor Mendel ne ya bayyana dalili a 1866. Da ya haɗa wake mai fure shunayya da mai farin fure, zuriyar farko duk shunayya ta fito, a ta biyu kuwa ya ƙirga 705 shunayya da 224 farare, wato kusan uku bisa ɗaya.

Gwaje-gwaje don aji

Gani ya kori ji. A gwaji na farko a jera ƙwaya 20 a kan jiƙaƙƙen tsumma, a naɗe, a sa a leda, a ƙirga waɗanda suka tsiro bayan kwana goma. In 15 suka fito, ƙarfin irin kashi 75 ne cikin 100. In bai kai rabi ba, a ƙara yawan shuka ko a nemi wani. A na biyu a sami kwalabe huɗu da wake: ɗaya da busasshiyar auduga, ɗaya da jiƙaƙƙiya, ɗaya cike da tafasasshen ruwan da ya huce aka zuba mai a samansa don tare iska, ta huɗu da jiƙaƙƙiyar auduga a cikin firiji. Ta biyu ce kaɗai za ta tsiro da kyau. A na uku a raba irin filamboyan ko bagaruwa gida uku: wanda aka goge, wanda aka zuba wa ruwan zafi, da wanda ba a taɓa ba, a riƙa rubuta adadin da ya fito kullum har wata guda. Malamin kimiyyar sinadarai ma yana da rabo, domin ruwan furen waken ado shuɗi ne, amma in aka ɗiga masa lemon tsami sai ya koma shunayya, alamar asid.

Hattara

Ruwan jikin kariya guba ne, irin furen asuba ma yana cutarwa in aka ci, kamar yadda aka san 'ya'yan zurma da zaƙami. Irin kanti mai launin ja ko kore an shafe shi da maganin ƙwari ko na fumfuna, sai a wanke hannu bayan shuka, a kuma nisanta shi daga ƙananan yara. Har ila yau, shukar ado tana iya zama annoba. Wata ciyawar ruwa mai kama da kainuwa, 'yar asalin Amurka ta Kudu, wadda aka yaɗa a duniya saboda kyawun furenta, ta shiga ruwayen Legas a 1984 ta toshe hanyoyin jiragen ruwa da na masunta. Baƙuwar shukar da aka ga tana bazuwa da kanta, a cire ta kafin ta zubar da iri.

Kammalawa

Kafin a zargi iri, ya kamata a yi tambayoyi kaɗan. Yana da rai? Gwajin tsumma zai nuna. Ɓawonsa yana barin ruwa ya shiga? Zurfinsa ya dace da girmansa? Ƙasar tana da danshi da iska a lokaci guda? Watan da aka shuka shi ya dace da shi? Ajin da ya fara da ƙunshi ɗaya na ziniya da 'yan ƙwayoyin furen asuba a watan Yuni, ya kuma riƙe littafin rubuta abin da ya gani kullum, zai shiga hunturu da kwalbar irinsa a hannu, wadda za ta ishi makarantar har a sammaka wa maƙwabta.